Aron Tsutsa daga Bauranya

Jama'a, yau da hantsi na faɗo daga kan ɗorawa. Ban karye ba, alhamdu lillahi, amma wandona ya tsage har gwiwa, kuma matan da ke dawowa daga rijiya duk sun gani. Abin da ya kai ni sama, ni da tumbina, tsince tsutsa nake ina zubawa a gwangwani. Ɗorawar ta surukata ce, Inna Zinariya, nan bakin hanyar Sukuntuni. Da kalwarta take daddawa, da daddawar take riƙe kanta, tun rasuwar mijinta ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. Yanzu ganyen ya kusa ƙarewa, kuma dattawa sun ce in itacen ya sha irin wannan aski, baɗi kada a sa rai da kalwa.

Ga wanda bai san tsutsar ba, ɗiyar wani ɗan malam-buɗe-littafi ce mai launin ƙasa, irin mai faɗa wa fitila. Baƙuwa ce. Wasu sun ce cikin dashen itatuwa ta shigo, wasu sun ce cikin katako. Ta dai sauka a dajin wajen Bauranya tun ina saurayi, kuma tun lokacin ake yaƙinta. Zamanin Turawa an ce kowa ya tsince da hannu. Da muka samu 'yanci aka ce tsinta da hannu wulaƙanci ne, aka kafa kwamiti. Da kuɗin mai suka zo aka ga kwamiti ɗaya ya yi mana kaɗan, aka haɗa na ɓangaren Kankiya da na ɓangaren Kusada, aka sa masa suna mai tsawon da sai ka sha ruwa a tsakiya. Allah ya ƙara wa manya basira. An sayo Landiroba, an sayo injin feshi, an ɗinka wa ma'aikata kaki. Ita ko tsutsa tana nan tana kiwonta, ba wanda ya taɓa tayar mata da hankali.

To, ni mai dogon baki, sai na ga duk shagalin can wajen Kusada ake yi. Raina ya ɓaci. Na rubuta a wannan shafi cewa tsutsa ta iso Sukuntuni, manya sun yi biris da mu. Wallahi ko ɗaya ban gani ba. Na dai ce tunda tana tafe, gara in riga ta kai ƙara.

Ashe ana karanta ni! Ban taɓa zato ba. Sai ga masinja a kan babur, ya ce Mai Girma Sarkin Yaƙin Tsutsa da kansa zai zo ƙaddamar da feshi, kuma Sukuntuni aka zaɓa, don hanyar Bauranya da damina ba ta dace da motarsa ba. Abin da ake so kawai, babban itace a bakin hanya, mai tsutsa sosai, wanda zai yi kyau a hoto. Ya ce, "Tunda kai ka gani, Malam Audi, kai za ka nuna."

Na ruga wajen maƙwabcina Labaran. Ya gama saurarona yana yanke farce, ya ce, "Mi ne abin tashin hankali? In biki ya taso ba mu da tabarmi, mi muke yi?"

Na ce, "Aro."

"Ranar da Babban Mai Almakashi ya zo buɗe rijiya, ruwan da ke cikinta ina muka samo shi?"

Na ce, "Aro."

"To tsutsa fa, ta hi ruwa daraja?"

Ku ji tsakani da Allah, a lokacin maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Har lissafi na yi irin na masu ilimi: yau a zuba, gobe a fesa, jibi duk sun mutu, Inna ma ta samu feshi kyauta. Na ji kamar ni ne surukin da ya fi kowa hankali a ƙasar Katsina.

Na ɗaure ƙwarya a bayan keke na nufi Bauranya. Wani manomi, Ummaru, na tarar a gindin itacensa da ya zama ƙarare. Da na faɗa masa buƙatata, ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ɗebi, bawan Allah. Ɗebi har ka gaji. Kuma don girman Allah kada ka maido." Har ganye ya sa mini a ƙwaryar don kada su ji yunwa a hanya. Ban taɓa ganin mai ba da aro da fara'a irin tasa ba.

Na zuba su a rassan ɗorawa, lokacin Inna ta tafi kasuwa. Washegari muka share fili, muka shimfiɗa tabarmin aro, makaɗa suka zo. Muka zauna har rana ta karkata. Sai ga masinja: ba mai a gari, motar Mai Girma tana layi. A ƙasar da ake cewa mai ya yi mana yawa har ba mu san inda za mu kai kuɗinsa ba! Da aka samu mai, sai aka gano injin yana hannun 'yan Kusada, maganin yana hannun 'yan Kankiya, kuma kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya kamata ya kawo nasa. Aka kafa ƙaramin kwamiti, Galadiman Sai-Gobe ke shugabanta. Har yanzu suna zama, an ce ana samun ci gaba.

Tsutsa ba ta jira kowa ba. In ka tsaya gindin itacen da rana tsaka, kana jin cinsu, kas-kas-kas, kashinsu na zubo maka a hula. Matata Hadijatu ta ga ƙwaryar tun ranar farko. Tun daga nan tuwona ya fara zuwa da miya ba daddawa.

Yau bayan na faɗo, ina zaune a ƙasa ina tattare wando, Inna Zinariya ta fito. Mutane sun taru. Ta ɗaga kai ta dubi itacenta, ta daɗe, na ga idonta ya ciko. Wallahi tausayi ya kama ni, kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage. Ta ce wa jama'a, "Ku dubi mijin ɗiyata. Shi kaɗai ya kai kukana ga manya, shi kaɗai ya hau sama domina. Allah ya yi mashi albarka."

Labaran ya sunkuyar da kai yana tari.

Sannan ta buɗe hannuwa ta ce, "Wanda ko ya yi sanadin wagga masifa, mutum ne ko aljan, ban yahe ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

Kowa ya ce amin. Ta juyo wajena tana jira, don ni ne malamin gida. Jama'a, na duba gabas na duba yamma, ba mafita. Na shafa, na ce amin, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.