Yadda Za Ki Ɓoye Zubar Gashi Ba Tare da Kin Taka Asibiti Ba

Baiwar Allah, ke mai 'ya'ya uku, aiki ɗaya a waje, goma a gida, da gashin da ya fara yi miki sallama sili-sili, kwantar da hankalinki. Idan kika bi matakan nan bakwai ba ki tsallake ko ɗaya ba, na ba ki tabbacin babu mahalukin da zai gane jininki ya yi ƙasa. Za a yi ta yabon kitsonki har ranar da za a kwashe ki a ƙasa. An gwada hanyar a kan wata tela mai shago a bakin layi, wadda kowa ke kira Maman Ɗinki. Ta haye matakai shida lafiya lau. Abin da ya kayar da ita a na bakwai za mu zo kansa, don ki kiyaye.

Mataki na ɗaya: Ki ɓatar da shaida

Mataji ba ya riƙe sirri. Kowace safiya sai ya kwaso abin da ya kwaso ya ajiye miki a gaba. Kada ki tsaya kallo. Maman Ɗinki dunƙule nata take yi a tafin hannu, ta cusa a buhun ƙyallaye, can ƙarƙashin guntayen yadi. Kwandon shara bai dace ba, yara na leƙawa. Ki kuma lura da magudanar banɗaki. Ranar da ta gidan Maman Ɗinki ta toshe, maigida ya zura waya ya zaro wani abu, ya ɗaga shi sama yana tambaya ko tunkiya aka yi wa wanka.

"Na 'yarka ne," in ji ta.

Ki koyi saurin amsar. Ƙaryar da uwa ke yi don kada hankalin kowa ya tashi, har yau ban gano a wane shafi ake rubuta mata ita ba, na lada ko na zunubi.

Mataki na biyu: Ki zaɓi kitson da ba ya son kulawa

Ki manta da ƙananan kitso. Wannan na masu gashi ne da masu lokaci, ke kuwa kin rasa duka biyun. Manya huɗu za a yi miki, a kwantar da su baya, a ɗaure jelar wuri ɗaya. Minti ashirin an gama, sati uku ba ki waiwaye shi ba.

Sirrin yana wurin tsaga. Inda fatar kai ta fara haske, a kauce masa. A aro gashin hagu a rufa wa dama asiri, wata mai zuwa dama ta rama wa hagu alheri. Maman Ɗinki ta yi wata takwas tana wannan ƙaura, har tsagarta ta kusa sauka kan kunne. Goshi kuwa ki bar shi ya yi ta faɗi. Ki ce gadon gidanku ne.

Mataki na uku: Ki toshe bakin mai kitso

Duk duniya ita kaɗai ke ganin kanki daga sama, don haka ita ce babbar abokiyar gaba. Ta Maman Ɗinki ba ta da birki a baki. Ran nan ta tsaya cak da tsinken tsaga a hannu.

"Yaya, me zan kama a nan? Addu'a zan kitsa?"

"Ke dai yi aikinki. Shayarwa ce."

"Autan naki da ke zuwa makaranta da ƙafarsa?"

Kafin a ankara ta zagayo gaba, ta sa yatsa ta ja fatar idon Maman Ɗinki ƙasa.

"Fari fat kamar takarda! Wallahi ba man gashi kike buƙata ba, jini kike buƙata. Ki je a auna ki."

Ga yadda ake kashe irin wannan magana: ki yi dariya, ki ce, "To likita, yaushe aka ba ki farar riga?" Sai ki tambaye ta labarin maƙwabciyarta da ba sa shiri. Ba ta ƙara tuna idonki ba sai wani watan.

Mataki na huɗu: Ki haddace "Na ƙoshi"

Gashi daga tukunya yake tsirowa, don haka a nan za ki dage. In an dafa nama, tsoka ta maigida ce, don shi ke fita nema, kamar ke wasa kike fita. Hanta ta Auta ce, yana girma. Ƙwai na masu zuwa makaranta ne. Ke ki tsaya a bakin murhu ki lashi cokali, in aka ce ki zo ki ci, ki ce, "Na ƙoshi, na ci a kicin." Ki faɗe shi da fara'a. Maigidan Maman Ɗinki ya shekara goma sha biyu yana jin wannan magana, bai taɓa tashi ya leƙa kicin ɗin ba. Mutumin kirki ne. Yarda da mace ya yi, kuma yardar ta yi masa daɗi.

Mataki na biyar: Ki nemi abin taunawa

Idan jini ya yi ƙasa sosai, baki kan fara kwaɗayin abin da ba abinci ba. Wasu ƙanƙara, wasu ƙasar bango. Tela ta fi kowa sa'a, don abincinta na cikin aljihun keken ɗinki: allin da take zana yadi da shi. Maman Ɗinki da gefe ta fara, ɗan gutsure kaɗan tana auna wuyan riga. Daga baya sai ta zana hannu ɗaya ta cinye na zana ɗayan. Ta fi son fari, shuɗin yana tona asiri a leɓe.

Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki tun haihuwar Auta kuwa, kada ki zubar, almubazzaranci ne. Ki juye su a gwangwanin maɓallai. In ranki ya matsa sai kin sha, ki kora da baƙin shayi mai kauri, wanda malamar asibiti ta ce kada a haɗa su da shi. Kin sha magani, magani bai sha ki ba, kowa ya huta.

Mataki na shida: Ki iya neman allura

Jiri zai zo, yawanci in kin miƙe da sauri. Kada ki dafa bango, dafa bango na jawo tambaya. Ki durƙusa a hankali, ki sunkuyar da kai, ki shafa ƙasa da hannu, ki ce, "Allurata ta faɗi, kada yara su taka." Ki zauna a haka har duhun ya washe. Masu kawo ɗinki sun sha yaba wa Maman Ɗinki kan wannan. Wata har cewa ta yi ba ta taɓa ganin uwa mai tsoron allura ta soki yaro kamarta ba. Sau huɗu a yini take neman allurar nan, tana maƙale a gaban rigarta.

Mataki na bakwai: Kada ki bari 'yarki ta gan ki

A nan ɗalibarmu ta faɗi, kuma laifinta ne. Ta ɓoye wa miji, ta ɓoye wa maƙwabta, ta manta da 'yar farinta, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ke zama a shago bayan makaranta tana haɗa mata maɓallai. Yaro ba ya jin abin da aka faɗa masa. Abin da aka yi a gabansa yake ɗauka.

Da farko allin ne ya fara ƙarewa da wuri. Maman Ɗinki ta ɗauka cinta ne ya ƙaru. Sai wata safiya ta ga yarinyar ta tura wa Auta ƙwanta.

"Ke, ɗauki abinki ki ci."

"Na ƙoshi, Umma. Na ci a kicin."

Da fara'a ta faɗa. Har karkata kan iri ɗaya.

Da yamma a shago Maman Ɗinki ta aiki yarinyar ta miƙo mata almakashi. Yarinyar ta tashi da sauri, ta yi taku biyu, ta tsaya. Sai ta durƙusa a hankali, ta sunkuyar da kai, tana shafa siminti da hannu.

"Me kike yi?"

"Allura ce ta faɗi, Umma."

Ƙafar Maman Ɗinki ta tsaya a kan keken. Ta dubi gaban tata rigar, ga allura a maƙale. Ta sauko ta durƙusa kusa da 'yarta, ta ɗago haɓarta. Akwai ɗan farin gari a gefen bakin. Ta sa yatsa ta ja fatar idon ƙasa, yadda mai kitso ta yi mata.

"Tun yaushe?"

"Ba komai fa, Umma. Ai ke ma kina yi, kuma lafiyarki ƙalau."

Wata mai jiran rigarta ta ce ai gobe za ta sa, a daure a ƙarasa. Maman Ɗinki ta ce ta sa wata. Ta zare ɗankwalinta a gaban kowa, ta sunkuyar da kai ta nuna wa yarinyar inda tsaga ta yi ta gudu wata takwas.

"Duba da kyau. Wannan ne lafiya ƙalau ɗin. Ɗauko takalminki."

Ta ja ƙofar shago tun lokacin tashi bai yi ba, ta kama hannun 'yarta, suka nufi asibiti. An auna su duka biyun. Ran nan da aka zauna cin abinci ta raba hantar uku, ta ɗauki kashi ɗaya ta ci a zaune, maigida na kallonta kamar baƙuwa. Duk wahalar wata takwas ta tashi a banza.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba mai kitso ba ne, kuma bai san ki ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta zube a kasuwa, ko a bakin murhu da tukunya a hannu, kada a nemo shi. Wadda kuma ta bi su daidai har ta wayi gari ta ji "na ƙoshi" daga bakin 'yarta, ita ma kada ta zo. Ba shi ya koya wa yarinyar ba.