Yadda Ake Zaɓar Injin Yanka Dankali Idan 'Yarka Ta Daina Yi Maka Hira

Kai maigida, matso kusa. Idan ka bi matakan nan ba tsallake, na yi maka alkawari soyayyen dankali zai fito daga kicin ɗin gidanka siri-siri, kai ɗaya, kamar na shago, ko da kuwa ruwan shayi ba ka taɓa dafawa ba. Kada ka tambaye ni inda na yi karatu. Tagar ɗakina tana kallon kicin ɗin maƙwabcina, wanda kowa ke kira Direba, kuma duk abin da zan koya maka a kansa aka gwada.

Mataki na 1: Ka fara samun dalili

Ba a sayen injin yanka dankali don dankali. Wanda ya ce maka don dankali ya saya, bai yarda da kai ba ne.

Dubi Direba. Rayuwarsa duk a kan titi ya yi ta, yana jan babbar mota, sai da ciwon baya ya sauke shi. Ya dawo gida ya zauna, ya tarar Auta, 'yar da ya sani tana hawa kafaɗarsa, ta zama budurwa mai waya a hannu. Tana gaishe shi da ladabi. "Ina kwana, Baba." "Sannu da hutawa, Baba." Daga nan sai ɗaki. Ba faɗa, ba rashin kunya, hirar ce kawai babu. Ga shi hutu na ƙarewa za ta tafi jami'a a gari mai nisa. Abin yana cin Direba ƙwarai, don ya ga za ta tafi bai san ta ba, ita ma ba ta san shi ba.

Sai ya lura abu ɗaya ne ke fito da ita da sauri: ɗan aike ya buga ƙofa da ledar soyayyen dankali. Rannan ya gyara murya ya ce, "Wannan abin ai ni ma zan iya yi."

Ta ce, "To, Baba," idonta a kan waya.

Ka samu dalili irin wannan, sannan ka sa takalmi.

Mataki na 2: Kada ka nemi shawarar matarka

Za ta gaya maka gaskiya, kai kuma ba ita kake nema ba. Matar Direba ko juyowa ba ta yi ba daga wanke-wanke. Ta ce, "Ga wuƙa nan, shekara da shekaru da ita nake yankawa."

Masana sun tabbatar namiji ba ya shiga kicin da wuƙa, don wuƙa tana tona asiri. Inji kuwa ko aikin ya lalace, akwai wanda za a ɗora wa laifi.

Mataki na 3: A shago, ka nuna kai ba baƙo ba ne

Ka shiga da hannu a baya. Kada ka taɓa komai da farko. Ka yi tsaki kaɗan, kamar ka ga waɗanda suka fi waɗannan a wani wuri.

Mai shago zai fara nuna maka ƙaramin na roba, wanda ake dannawa da tafin hannu. Shi ne ya dace da gidanka, saboda haka ka ƙi shi. Zai nuna maka mai gindin roba da ke manne wa tebur. Shi ma yana aiki, ka wuce.

Direba ya zaɓi nasa ne yadda ake zaɓar mota. Ya ƙwanƙwasa jikin kowanne ya saurara. Ya ɗaga ya ji nauyi. Ya tambaya ko ana samun kayan gyara. Can a ƙasan kanta ya hango wani na baƙin ƙarfe, mai ragar wuƙaƙe a gaba da dogon hannu a baya. Ya kama hannun ya ja, ya tura, fuskarsa ta washe.

Mai shago ya ce, "Baba, wannan fa na gidajen abinci ne. A bango ake kafa shi. Ku nawa ne a gidan?"

Direba ya ce, "Yaro, ka taɓa jin giyar mota mai daɗin shiga irin wannan? Ɗaure mini shi."

Ka lura da darasin: mai shago ya san kaya, amma kai ka san abin da ya yi kama da aikinka na dā.

Mataki na 4: Ka manta gidan haya kake

Wannan ba sai ka yi ƙoƙari ba, da kansa zai faru. Direba ya shigo yana nishi, ya dire injin a kan tebur, ya fara auna bango da ido. Matarsa ta ce, "Bangon wa za ka huda? Mai gidan nan da ko ƙusar agogo sai da ya zo ya duba?"

Ya ce ai ba dole sai bango ba, inji mai nauyi yana tsayawa da ƙafarsa.

Mataki na 5: Ka gwada kai kaɗai, ƙofa a buɗe

Ka fere dankalin turawa, ko ka sa a fere maka bisa sunan kana duba inji. Ka zaɓi mafi girma, ka cusa shi. Ka ja numfashi ka danna.

Abin da ya faru a kicin ɗin Direba ranar Asabar da hantsi, da idona na gani. Gindin injin ya tashi sama, bakinsa ya duƙa, dankalin ya kuɓuce ya daki murfin tukunya, murfin ya faɗi yana juyi a ƙasa da ƙara. Direba ya ɗauko dankalin ya wanke, ya sake. Wannan karon injin gaba ɗaya ya zame ya nufi bakin tebur, Direba ya tare shi da ciki.

Kada ka kira kowa. Ƙarar za ta yi maka kiran.

Mataki na 6: Ka karɓi taimako kamar kai ne kake yin alfarma

Auta ta leƙo. Ta dubi ubanta rungume da ƙarfe, ta dubi dankali a ƙarƙashin firiji, ta danne dariya da ƙyar.

"Baba, in riƙe maka?"

"Ba wai na kasa ba ne. Amma tunda kin zo, danne nan."

Ta danne da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya. Injin ya motsa. Ya ce, "Da hannu biyu ake yi." Ta waiga, ta ajiye wayar a kan firiji, ta danne da ƙarfinta. Ya ja hannun a hankali, dankali ya ratsa ragar ya zubo cikin kwano siri-siri. Su biyun suka tsaya suna kallonsa.

Ya ce, "Kin ga, ba da ƙarfi ba ne. Kamar hawan tudu da kaya ne, in kika yi gaggawa sai mota ta mutu."

"Ta taɓa mutu maka a tudu?"

Nan fa aka samu hanya. Ya ba ta labarin ranar da ya sauka ya sa wa taya dutse, mota cike da buhunan albasa tana neman komawa baya. Ta yi dariya har injin ya kusa kuɓuce mata. Suka gama dankalin da aka fere, ta ɗauko wani. Ana cikin haka, kanta a sunkuye, ta ce, "Baba, da kake tafiya garin da ba ka san kowa ba, ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Kullum."

Ta ce, "Ni ma ina ji."

Idan ka kai nan, kada ka yi wa'azi. Ka sa wani dankalin kawai. Direba ya yi hakan, kuma daɗin da ya ji ya fi ƙarfin bakinsa.

Mataki na 7: Suya

Ka bar wa matarka. Na Direba na farko waje ya ƙone, ciki ɗanye, kuma sai da aka buɗe tagogi duka.

Mataki na 8: Ka yi hattara da masu son sauƙaƙa maka

Kwanaki suka tafi, gidan kullum dankali. Sai wata rana matar Direba za ta yar da kwalin injin, ta ji abu yana ƙara a ciki. Ta zazzage, sai ga wasu maƙalai na ƙarfe masu noti, irin waɗanda ake ɗaure inji da su a bakin tebur, ba ruwansu da bango.

Ta shigo kicin tana murna. "To, ga maganin abin. Ka ɗaure shi, ka bar yarinya ta huta."

Direba ya karɓa yana jujjuya su. Mutumin da ya yi rayuwarsa da sifana a hannu, kallo ɗaya ya san daidai suke. Nan take fuskarsa ta canja.

Auta ta karɓe su daga hannunsa, ta kanga a jikin injin a karkace, ta girgiza kai.

"Mama, waɗannan ba nasa ba ne. Kuskure aka yi a shago."

"Ke, ga ramin noti nan ina gani."

"Ba za su shiga ba. Ko, Baba?"

Direba ya yi tari. Ya ce a iya saninsa na ƙarfe, ba za su shiga ba.

Matar ta dube shi, ta dubi 'yarta. Ta kwashe maƙalan ta jefa can saman kabad, inda sai an taka kujera. Ta ce, "To Allah ya ba ku haƙurin juna. Ni dai gobe shinkafa zan dafa."

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba shi da hannu a yankewar yatsa, ƙonewar mai, lotsewar murfin tukunya, ko yajin cin dankali daga mutanen gida. Kuma idan hutu ya ƙare, ka raka 'yarka tasha ka dawo, ka shiga kicin ka tarar da inji a kan tebur babu mai danne maka shi, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wannan ciwon ba ya cikin garanti.