Ba A Haifi Habu Ba

A lokacin nan na yi imani cewa gajeren labari, matsakaici da dogo duk abu ɗaya ne, yawan takarda ne kawai bambancinsu. Shekarata biyu ina rubutu a waya, don haka ban ga mai koya mini ba.

Wata safiya a unguwar Jadid, can ƙasar Larabawa, mu 'yan ci-rani muna bakin titi muna jiran motocin masu ɗibar leburori, sai dattijonmu Malam Isuhu, mutumin Damagaram, ya ce, "Marubuci, ba mu gajere ɗaya kafin shayin nan ya huce."

Na gyara zama. Labarin Habu ne, direban da mota ta mace masa a sahara. Amma ai ba za a gane Habu ba sai an san kakansa, don haka na faro daga ranar da kakan ya haƙa rijiya. Shayi ya huce. Motoci biyu suka tsaya, Larabawa suna ta kiran "Shugul! Shugul!", wato aiki, amma kunya ta hana kowa tashi tunda dattijo bai motsa ba. Rana ta take ina tsakiyar bikin iyayen Habu. Ranar babu wanda ya samu aiki.

Malam Isuhu ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Ɗana, mota ɗaya muka zauna ji, ka kwaso mana dangi kaf."

Shekara uku ke nan. Ko a masallaci muka haɗu, ana sallamewa sai wani ya raɗa mini, "Marubuci, an haifi Habu kuwa?"