Wuyan 'Yata da Buhun Baƙi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Duba Ingancin Gishiri, uban ƙa'ida, garkuwar miyar talakawa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, sunana Sagiru, kuku ne ni a wani gida a Nassarawa GRA, iyalina kuma suna Kawaji. Ina da 'ya, Luba, tana aji biyar. Maƙoƙo ya fito mata a wuya, yara suka sa ta a waƙa, ta daina zuwa makaranta. Likita ya ce rashin aidin ne a gishiri. Na ce Allah ya sawwaƙe, ai doka ta hana sayar da irin wannan, kuma kai ne mai dokar.

Na ɗaya, ina jinjina wa ma'aikatanka. Duk zuwan da za su yi layinmu na Kawaji, sai labari ya riga su isowa. Mai shagon da muke sayen gishiri yana da buhu guda da muke kira buhun baƙi, a ƙarƙashin benci yake zama. Shi ake fito musu da shi, su ɗiga ruwan gwaji, ya yi shuɗi alamar akwai aidin, a yi musabaha. Buhun nan ya girmi autana, ranka ya daɗe, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ba za a ba shi lambar yabo ba?

Na biyu, motarsu na juya baya sai a dawo mana da namu, wanda aka sauke don shanu, a baza shi a daro cikin rana, ana auna mana da gwangwani. Ban ga laifin kowa ba. Wataƙila a takardunku mu da shanun layi ɗaya muke.

Na uku, na ga taron wayar da kai da kuka yi a otal ɗin bayan gidan da nake aiki. Wallahi ya ƙayatar, har da riguna masu hoton gishiri. Mahalarta duk wuyansu sumul, in ban da kitse. Su wa aka wayar wa kan? A nan GRA gishiri daga babban kanti yake zuwa, a leda, ni nake barbaɗa shi da hannuna. Ban taɓa ɗibar wa 'yata ko cokali ba, don ba nawa ba ne. Yau abin yana ci mini rai.

Ba na neman a kori kowa, wane ni. Roƙona dai, wata rana a ɗiga ruwan nan a daro.

Jiya Luba ta ce za ta koma makaranta in na sai mata hijabin da zai rufe har haɓa. Na sayo. Ta sa, ta duba madubi, ta cire, ta ce a bari sai wani zangon.

Allah ya ƙara wa ofishinka sanyi.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Sagiru Kuku,
Nassarawa GRA, Kano.