Ordinata Cikin Jiƙaƙƙen Buhu

Saura kaɗan in haɗiye wannan labari, amma tunda duk unguwarmu Kara-Kara ta riga ta ji, gara ku ji daga bakina.

Bazarar bara ce. Hadiza, ɗiyar ƙanwata, tana rubuta kundinta na gama jami'a a ordinatar gidana, wato kwamfuta irin mai babban akwatin nan. Akwatin ya ɗauki zafi, bantilatar da ke cikinsa, wato fankarsa, tana kuka kamar tsohuwar mota a kan tudu. Saura sati uku ta miƙa aikin.

Ta ce, "Kawu, mu kai wa mai gyara."

Na ce, "Ke, ni da na yi shekara goma a hanyar Agadas? Wane zafi ne ban sani ba?"

A can buhu muke naɗa wa bidon, wato jarkar ruwa, mu jiƙa shi, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi ƙalau. Haka na yi wa akwatin. Har ramukan shan iskarsa na rufe tsaf, na yayyafa ruwa da buta, na koma tabarma ina jiran godiya.

Kukan kuwa ya tsaya. Komai ma ya tsaya, sai ƙauri.

Da muka kai wa mai gyara, ya dube ni, sannan ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji." Babi biyu suka tafi. Hadiza ta sake rubuta su a gidan ƙawarta, ta miƙa da ƙyar. Har yau gaisuwarmu gajera ce.

Jiya a fada, inda muke zaman hira, Issufu abokina ya miƙo mini wayarsa, fuskar nan ba ko murmushi.

"Alhaji, ta ɗauki zafi. Buhun hatsi ya fi, ko na gyaɗa?"