Ranar da na kori Rabi daga lakwal

Ko na so in manta da taron iyayen yara na lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu a Dogon Dutsi, ba zan taɓa iyawa ba. Ni dama Allah ya yi ni da son a ji muryata (maigidana har ya daina yi mini faɗa a kai, ya gaji).

Kwana uku kafin taron, ɗiyata Hadiza ta dawo daga lakwal, wai wata ƴar ajinsu ta faɗi tana kumfa. Ko sunan yarinyar ban tambaya ba. Nan take na yanke hukunci cewa aljana doguwa ce ta kama ta, kuma gobe kan tawa za ta hau.

A wurin taron wata mata mai shiru-shiru, baƙuwa daga garin Kieshe, ta matsa mini a benci. Darekta, shugaban lakwal ɗin, na rufe baki na miƙe, na gyara mayafi.

"Mushe, yarinyar nan mai faɗuwa a maida ta gida. Wace irin uwa ce za ta turo mai iskoki cikin ɗiyan mutane?" Abin bai ishe ni ba, sai da na juya ga matar: "Ko ba haka ba, baiwar Allah?"

Ta ɗago a hankali.

"Hajiya, ɗiyata ce, sunanta Rabi. Farfaɗiya gare ta, likita ya ce ba a ɗauka. Ranar ba ta sha maganinta ba ne."

Na rasa wurin zama, don mazaunina yana jikinta. A tsaye na saurari darekta yana bayanin yadda ake kwantar da yaro a gefensa idan farfaɗiya ta tashi.

Maganata ta riga ni isa gidaje. Yara suka laƙa wa Rabi "mai doguwa", ta daina zuwa. Hadiza ta ce mini, "Inna, ita ke koya mini lissafi fa."

Na je gidan su Rabi ban haƙuri. Uwar ta ba ni tabarma da ruwa, ta ce ta yafe, amma Rabi ko jakar littattafanta ta gani sai kuka. Kafin damina suka koma Kieshe. Ban san ko ta sake shiga aji ba.

Yanzu a taro, kafin in yi magana kan ɗan wani, sai na tambayi sunansa da na uwarsa. Yawanci kafin a gama faɗa mini, na nemi abin da zan ce na rasa.