Rasuwar Jirgina Mai Filafili Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, jiki kuma duk a mace, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar ƙaramin jirgin ruwana na katako, mai tsawon kamu guda, wanda ya cika a hannuna bayan doguwar jinya.

Ni na haɗa marigayin tun daga haƙarƙarinsa. Na yanka katako sirara kamar bawon rake, na turara su a bakin tukunya har suka yarda suka lanƙwasa, na bi su da gam ɗaya bayan ɗaya. Igiyoyinsa zare ne da na murza da kakin zuma, filafilansa masu kama iska kuwa daga tsohuwar rigar mahaifina na yanko su. Shekara da shekaru yana zaune a kan kabad, bai taɓa faɗa da kowa ba. In iska ta shigo ta taga, iyakarsa ya ce "ƙyas, ƙyas," ya yi shiru.

Ciwon ya fara ne da wani ɗan garin katako da uwargida take sharewa a ƙarƙashinsa kullum da safe. Ashe ƙwaro ne ke cinsa ta ciki. Na ɗura masa kananzir da sirinji, na shanya shi a rana, garin bai daina zuba ba. Na kira kafintan layinmu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Baba, sai haƙuri. Fenti ne kawai ke riƙe da shi." Jiya na ɗaga shi in goge ƙura, babban yatsana ya nutse a cikinsa.

Ya rasu ya bar gwangwanin gam da ya bushe, da 'yar wuƙa, da guntun samfefa, sai kuma ni. Uwargida ta ce, "Malam, ka sassaƙa wani mana." Na miƙa mata hannuwana ta ga yadda suke rawa, ta kau da kai.

Kafinta ya ce a ƙona gawar kafin ƙwaron ya koma kan gado da ƙofofi. Za a yi haka gobe da hantsi a bayan gida. Uwargida ce za ta ƙyasta ashanar, don ni na gwada, ta ƙi kamawa. Mai zuwa gaisuwa ya zo, amma don Allah kada wanda ya ce mini, "Ai katako ne kawai."